Awa Hamsin da Shida

Ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe goma, kububuwa ta sari Hanatu a gindin babban yatsanta na hannun dama, tana cikin ɗaga damin harawa a gonar gandu.

Kada wanda ya tambaye ni me ya kai mace mai takaba, mai cikin wata bakwai, gona. Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Wata biyu kacal da aka ɗauko gawar mijinta Munzali daga kan titin Tsafe, inda mota ta yi awon gaba da shi da babur ɗinsa. Shekara tara suna zaune ba ko ɓatan wata, sai da cikin ya samu ya zauna sannan mai shi ya tafi. Tun daga ranar Hanatu ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofar gida. Ko dariya ta yi da ƙarfi sai uwar mijinta, Inna Ma'u, ta yi gyaran murya. An sha nanata mata cewa takabar mai ciki ba a ƙirga ta da wata, sai ranar da ta sauka.

Amma da kaka ta yi, wake ya bushe yana fashewa a gona, hannu ya yi kaɗan, sai Inna Ma'u ta leƙo ɗakinta da sassafe.

“Tashi ki kama musu, Hanatu. Gonar gandu ai tamkar tsakar gida take.”

Tsakar gidan da sai an yi tafiyar rabin awa. Hanatu ta ja mayafi ta bi su.

Kububuwar 'yar guntuwa ce, ba ta kai kamu biyu ba, launin ƙasa da zane-zane a baya. Abdulsamad, ɗan wan mijinta, saurayi ɗan shekara ashirin, shi ya kashe ta da ƙotar fartanya. Hanatu ta ga fuskarsa lokacin da ya juya gawar da sanda. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya rufe.

Mata suka ce, “Kin yi sa'a, a gidan magani abin ya same ki.”

Haka kowa zai ce a wannan ƙauye na bayan Kucheri. Malam Ɗanjuma, wan marigayi kuma mai gidan, shi ke riƙe da maganin maciji na gado tun daga kakansu. Daga Wanke ake kawo masa mutane, daga Wonaka, har daga ƙauyukan Bungudu. Zaurensa ba ya rabo da tabarma a shimfiɗe. Yana da magana guda da yake ji da ita: tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa fitar da saran maciji zuwa asibiti ba. In wani ya nuna shakka, sai ya kira Abdulsamad ya sa shi ya naɗe wando. Bara da damina irin wannan kububuwar ta sare shi a idon sawu. Uban ya goya shi a babur shi kaɗai, ya kai shi Kurmin Kaka, wani wuri a daji da ba wanda ya san inda yake sai mai riƙe da gadon. Kwana biyar suka yi, yaro ya dawo da ƙafarsa. Duk ƙasar nan an san wannan labarin.

Malam Ɗanjuma ya ɗaure mata dantse da igiyar rama, ya tamke har sai da ta yi ƙara. Ya ɗauko aska ya yi mata tsaga bakwai a bayan hannu, ya ɗora baƙin dutse a bakin saran. Ya dama wani jiƙo mai ɗaci a ƙoƙo ya ce ta shanye. Ta sha ta yi ta kelaya amai har cikinta ya ɗaure.

“Madalla,” in ji shi. “Dafin ke nan yake fita.”

Hanatu ta dafe cikinta da hannun hagu. Yaron ya yi mata shuri biyu masu ƙarfi a ƙarƙashin haƙarƙari, irin wanda ya saba. Ta ce a ranta, kai dai zauna lafiya, ni zan iya da sauran.

Da la'asar hannun ya kumbura har gwiwa. Wannan bai dame ta ba kamar tsagar. Ta sha yankewa da wuƙa a madafa, jini ya zuba ya tsaya. Wannan ba ya tsayawa. Ba ya gudu, ba ya tsalle, tsattsafowa kawai yake yi a hankali, ya jiƙe tsumma a canja wani.

Laraba da safe ta kuskure baki za ta yi alwala, ruwan ya fito ja. Ta sa harshe ta ji dasashinta duk jini. Da ta zaga, fitsarin ma haka. Tsohon miki da ke ƙaurinta, wanda ya warke tun watan jiya, shi ma ya buɗe.

Ta tuna abin da aka gaya musu wajen awo a Tsafe, cewa mai ciki in ta ga jini ko daga ina ne kada ta kwana gida. Ta jira Malam Ɗanjuma ya shigo duba ta, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gabansa.

“Malam, don Allah a kai ni asibiti. Ba don ni ba, don abin da ke cikina.”

Ya murza dutsen a tafin hannunsa.

“Asibiti? Kin manta halin da kike ciki? Mai takaba ke fita har Gusau, ta kwana cikin maza, likitoci na taɓa ta? So kike a ɗaga wa ƙanena haƙarƙari a kabari?”

“Amma jiya na fita gona, Malam.”

“To, kin ga abin da fitar ta jawo.”

Kai jama'a! Su suka tura ta, su kuma suka mayar da saran hukuncin fitarta. Amsa ta zo wa Hanatu har baki. Ta haɗiye ta da jinin bakinta.

“To a kai ni inda aka kai Abdulsamad. Kurmin Kaka. Ko a kan jaki ne zan iya.”

Ya miƙe yana kaɗe riga. “Mace ba ta shiga wurin. Jinin wanga da kike gani baƙin jini ne, gara ya fita. Rabi'a, a ƙara mata jiƙo.”

Rabi'a matarsa ce, mace marar yawan magana. Ta kawo ƙoƙon, ta ƙi yarda su haɗa ido da Hanatu.

Da azahar Inna Ma'u ta zo ta zauna a bakin gadon tana jan carbi. Ita da irin nata dalilin ta zo.

“Ni sau biyu igiyar ƙasa ta taɓa ni a gidan nan, ga ni zaune. Ku 'yan zamani ba ku da tawakkali, ƙaya ta soke ku sai asibiti.”

“Inna, tun safe sau uku kawai ya motsa.”

“Barci yake. Ubansa ma haka ya yi mini.”

“Inna, jikanki ne.”

Tsohuwar ta daina jan carbin. Ta dubi ƙofa, ta rage murya, a nan ne gaskiyar ta fito.

“Ke ɗiyar nan, ki yi wa Allah ki rufa mana asiri. Yanzu haka akwai mutumin Wanke kwance a zaure da 'yan'uwansa huɗu. Su ga an fito da matar gida an sa a mota, mi kike so su ce? Babba da wane ido zai dubi mutane? Sunan gidan nan shi muke ci, shi muke sha.”

Babba take ce wa Malam Ɗanjuma, don ɗan fari ne ba ta kama sunansa. Tana kunyar sunansa, ba ta kunyar jinin da ke ɗiga a tabarmarta.

Hanatu ta nemi a ba ta wayar marigayi don ta kira yayarta Juwairiyya, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Gusau. Aka ce wayar tana wurin Inna, mai takaba ba ta hira da waya. Iyayensu sun rasu, gidansu na Bungudu sai ƙanen uba da ba ya ko gani sosai. Duk duniya Juwairiyya ce gatanta, ga ta can ba ta san abin da ake ciki ba.

Bayan la'asar Rabi'a ta shigo canja tsumma. Ta durƙusa tana matsewa a kwano, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Na hau tudun bayan rumbu na samu sabis. Na gaya wa yayarki. Ta ce yanzu ba direban da zai shigo hanyar nan, sai da safe. Don Allah kada ki ce ni ce.”

Hanatu ta kama hannunta ta riƙe. Rabi'a ta zare a hankali, idonta cike da hawaye, ta fita da sauri kamar wadda ke gudun kada wata magana ta kuɓuce mata.

Alhamis gari ya waye Hanatu ba ta iya zama sai an jingina ta. In ta ɗaga kai ɗakin juyawa yake. Leɓunanta sun yi fari, tafin hannunta na hagu ya yi fari fat. Ta kwanta shiru tana saurare da dukkan jikinta. Can wajen fitowar rana ta ji motsi ɗaya, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya a ƙasan tulu. Ta yi ta jiran na biyu.

Da hantsi ta ji tsayuwar mota, ta ji muryar Juwairiyya tun daga zaure. Juwairiyya mace ce mai jiki da murya, wadda ta saba ciniki da 'yan kasuwa. Ta faɗo ɗakin, ta ga ƙanwarta, ta ga kwanon tsumma, ta ɗora hannu a ka.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Hanatu, ke ce haka? Tashi. Tashi mu tafi.”

Malam Ɗanjuma ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.

“Hajiya, a yi a hankali. Nan gidan mutane ne, ba kasuwa ba.”

“Malam, da girmanka. Matsa in fitar da 'yar'uwata.”

“Tana cikin takabar ƙanena. Kuma cikin da ke jikinta jinin gidan nan ne, ni ke da iko da shi. Ba inda za ta.”

“Jinin gidan nan? Ga shi nan ai a kwano, kana kallo!”

“Ki iya bakinki.”

“Wane littafi ya ce mai takaba ta mutu a ɗaki? Wane malami? Kawo shi in ji!”

Ba ta jira amsa ba, ta fita da kanta ta nemo limamin garin. Sai da aka ɓata awa guda kafin a same shi a gona. Dattijo ne mai sanyin hali. Ya tsaya a tsakar gida ya faɗi gaskiya, amma a hankali ya faɗe ta, kamar mai ba da haƙuri.

“Malam Ɗanjuma, lalura ai tana halatta fita. Shari'a ba ta hana mai takaba neman magani ba. Ko ba ciki ma, balle da ciki.”

“Awo, Liman, na ji. Wa ya ce ba a neman magani? Nan mi ake yi? Akwai sauran jiƙo guda, babban, wanda ba na fitar da shi sai ta ƙure. A ba shi zuwa la'asar. In bai yi ba, ni da kaina zan ce a tafi.”

Liman ya dubi Juwairiyya, ya dubi ƙasa. “To, Hajiya, zuwa la'asar ai kamar yanzu ne. Gidansa ne.” Ya sa takalmansa ya tafi.

Juwairiyya ta yi ƙoƙarin ciccibar ƙanwarta ita kaɗai. Inna Ma'u ta tare ƙofa da jikinta tana salati, tana cewa za a keta mata haddin ɗa a kabari. Direban da aka ɗauko ya ce shi ba ya shiga cikin gidan mutum ya ɗauko mace ba da izinin mai gida ba. Mazan zaure suka yi kamar ba su ji. Abdulsamad ya ɗauki fartanya ya bar gidan.

Aka ɗura wa Hanatu babban jiƙon. Ta yi amai, aman duk jini.

Ana kiran azahar mararta ta murɗa. Ba irin ciwon da mata suka ba ta labari ba ne, mai zuwa yana tafiya. Wannan ya zo ya zauna, cikin ya yi tauri kamar dutse. Sai ta ji ɗumi yana bin cinyoyinta. Juwairiyya ta ɗaga zanen ta saki salati.

Hanatu ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Tana dai cewa, “Yaya, bai motsa ba. Yaya, taɓa ki ji, bai motsa ba.” Juwairiyya ta rungume kanta tana cewa, “Yi nishi, 'yar'uwata, yi nishi.”

Kafin la'asar ya fito. Namiji ne. Komai nasa ya cika, har gashin kai, har 'yan farce. Bai yi kuka ba. Rabi'a ta juya shi, ta hura masa hanci, ta buga tafin ƙafarsa, sannan ta naɗe shi a ɗankwalinta. Hanatu ta miƙa hannun hagu ta taɓa kunnensa. Irin kunnen Munzali ne, mai ɗan lanƙwasa a sama.

Daga bakin ƙofa Malam Ɗanjuma ya yi gyaran murya.

“Ta sauka?”

Inna Ma'u ce daga baya ta ce, “Ta sauka. Bai zo da rai ba.”

“Allahu akbar. Haka Allah ya so.” Ya gyara tsayuwa. “To, tunda ta sauka, takaba ta ƙare ke nan. Yanzu ba abin da ya hana. Hajiya, kina iya ɗaukar ta.”

Wallahi haka ya ce. Da bakinsa, a tsaye, hannunsa a aljihu. Ya leƙa ya ga jinin da ke malala har bakin ƙofa, ya san in ta ƙara awa biyu a ɗakin nan gawa za a fitar daga gidan magani, ga mutanen Wanke a zaure. Sai ga shari'ar da ya ƙi ji da hantsi ta zame masa ƙofar fita. Har ya ƙara da cewa a zagayo da motar ta baya, a ɗaga danga, kada a tayar wa marar lafiyan zaure da hankali.

Ta nan aka fitar da ita, ta inda ake fitar da shara. Ba ta ga inda aka binne ɗanta ba.

Ƙarfe shida suka isa babban asibiti a Gusau. Hanatu tana ji sama-sama. Ta ji an yanke igiyar dantsenta, ta ji wata mace tana faɗa da murya mai kaifi: “Wa ya yi mata wannan tsagar? Wane marar imani ne?” Ma'aikaciyar jinya ce, Sista Asiya, gajeriya mai tabarau, wadda ta shekara goma sha ɗaya a ɗakin masu saran maciji. Ta ɗebi jinin Hanatu ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye a kan tebur. Bayan minti ashirin ta karkata kwalbar a gaban Juwairiyya. Jinin ya gangaro kamar zoɓo.

“Kin gani? Jinin mai lafiya da yanzu ya daskare. Dafin kububuwa haka yake yi, ya hana jini kamawa. Tsaga kuwa ƙofa ce aka buɗe masa.”

Aka sa mata allurar kashe dafi a cikin ruwa. Aka ɗebi jinin Juwairiyya aka ƙara mata, aka nemo na wasu. Likitan mata ya zo ya tsayar da na ƙasa.

Juma'a da safe Hanatu ta buɗe ido ta ga Sista Asiya riƙe da wata kwalbar. Ta kifa ta gaba ɗaya, ba abin da ya zubo. Jinin ya kama, ya zauna a gindin kwalba.

“Kin tsallake, Hanatu.”

Hanatu ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta sa harshe ta shafi dasashinta, ba jini.

“Shi ke nan? Ruwan nan kawai?”

“Shi ke nan.”

“Da ranar Talata aka kawo ni fa?”

Sista Asiya ta gyara mata matashi, ta jawo kujera, ta buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango a cinyarta. Ta ce kowane sara sai ta rubuta shi: gari, aikin da ake yi, inda aka sara, da awa nawa aka yi kafin a zo.

“Mi kike yi lokacin?”

“Ɗaga harawa.”

“A hannu ke nan. Ƙarfe nawa?”

“Goma na safe, Talata.”

Sista ta ƙirga a yatsu, ta rubuta. “Awa hamsin da shida.” Ta cire tabarau ta murza ido. “Ko ban duba suna ba, littafin nan yana gaya mini mace ce ko namiji. In na ga ƙafa, damina, noma, awa biyar ko takwas, namiji ne. In na ga hannu, kara ko harawa ko rumbu, kwana biyu, kwana uku, to mace ce. Namiji da an sare shi ake neman babur. Mace sai an jira mai gida ya dawo, sai an gama gwada na gida, sai an yi shawara. Maciji ba ya bambantawa, mu ke bambantawa.”

Ranar Lahadi nono ya kawo. Hanatu ta farka ta ji ƙirjinta ya yi tam, yana zafi. Ba wanda ya gaya wa jikinta cewa ba mai sha. Juwairiyya ta ɗaure mata ƙirji da ɗankwali tana share hawaye da kafaɗa.

Ranar ce Malam Ɗanjuma ya zo dubiya, da ledar lemu a hannu. Dole ya zo, don a gari an fara cewa ko leƙawa bai yi ba. Ya ja hula har gira. Ya ɗauka asibitin da ke ganin ɗaruruwan mutane, wa zai riƙe fuskar mutumin ƙauye guda. Ya zauna a bakin benci ya fara jero abin da ya zo da shi.

“Sannu, Hanatu. Ai jiƙon nan na ƙarshe shi ya riƙe ki har kuka iso. Yaro kuwa kwanansa ne ya ƙare, ba mai tsallake ƙaddara. In an sallame ki ɗakinki na nan. Kuma ba sai an yi ta yawo da maganar gida a waje ba.”

Juwairiyya ta yunƙura za ta tashi, Hanatu ta riƙe mata zane. Daidai nan Sista Asiya ta shigo da tiren magani. Ta dubi baƙon, ta ƙara dubawa ta saman tabarau, sai fuskarta ta washe.

“A'a! Malam! Kai ne? Ina Abdulsamad? Ƙafar ta warke sarai?”

Malam Ɗanjuma ya ƙara jan hularsa ƙasa.

“Ba ka gane ni ba? Bara da damina, gadon can na lungu, kwana biyar kuka yi.” Ta juyo wurin su Hanatu cike da murna, ba ta san kan zancen ba. “Kun ga bawan Allah nan? Da shi nake ba mutane misali. Kububuwa ta sari ɗansa, ya goyo shi a babur cikin ruwan sama, ko tsaga bai bari an yi masa ba. Awa biyu! Duk littafina ba wanda ya zo da wuri kamarsa daga ƙauye. Kullum ina cewa, ku yi koyi da Malamin bayan Kucheri.” Sai ta lura da shirun da ɗakin ya yi. “Ko kun san juna?”

“Wan mijinta ne,” in ji Juwairiyya. “Shi ya yi mata tsagar.”

Sista Asiya ta ajiye tiren a hankali.

Hanatu ta dubi gadon lungu. Gado ne kamar nata, da ƙarfen rataye ruwa a gefe, da taga mai kallon wurin ajiye babura. Ashe nan ne Kurmin Kaka, inda mace ba ta shiga. Ta tuna fuskar Abdulsamad a gona. Ta tuna yadda Rabi'a ta ƙi haɗa ido da ita lokacin da ta kawo ƙoƙo. Duk sun sani. Da ta ce a kai ta inda aka kai Abdulsamad, shi ya san abin da take roƙo, ita ce ba ta sani ba.

Shekara tara ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi mutumin nan ba. Yau ta dube shi.

“Malam, ashe ka san hanya.”

“Hanatu, abin da ba ki gane ba, shi wancan...”

“Ka san jiƙonka ba ya yi. Ka sani tun ranar Talata, kana ɗura mini.”

“Ƙaddara...”

“Ranar da ta zo kan ɗanka ai ba ka tsaya ka gaishe ta ba, babur ka hau.” Muryarta ba ta tashi ba, amma har gadon ƙarshe ana ji. “Ka ce jinin gidanku ne, kai ke da iko da shi. Shi ke nan abin da ƙanenka ya bari a duniya. Naka awa biyu. Nasa awa hamsin da shida. Ni maciji ya sara, Malam, kuma ga ni da raina. Yaron nan maciji bai taɓa shi ba.”

Masu jinya duk sun juyo suna kallonsa. Ya miƙe, ledar ta kuɓuce, lemu ya watse a ƙarƙashin gadaje, bai tsaya tsinta ba.

So duka so ne, amma son kai ya fi, haka Hausawa suka ce, kuma a kan irin su Malam Ɗanjuma suka faɗa. Ba jahilci ya kashe ɗan Munzali ba, don jahili bai san hanyar Gusau ba. Ba addini ba ne, don liman ya faɗi hukunci a tsakar gida kowa na ji. Mutum ne ya auna sunan zaurensa da ran ɗan ƙanensa, ya ga zauren ya fi nauyi, gida guda kuma suka taya shi riƙe ma'aunin. Har yau tabarmar nan tana shimfiɗe, har yau ana sa Abdulsamad ya naɗe wando.

Hanatu ta ce wa yayarta in an sallame ta Bungudu za ta, ɗakin can ko tsintsiyarta kada a ɗauko. Juwairiyya ta ce to. Ta sunkuya za ta gyara mata mayafi, sai ta ga ɗankwalin da ta ɗaure mata ya jiƙe, ruwan nono ya ratso har gaban riga.

“Bari in canja miki.”

“Bar shi, Yaya,” in ji Hanatu. “Nasa ne.”